Wankan Mardiyya

An kawo Mardiyya daga fadama a amalanken shanu, kwance a kan tamfol ɗin da ake bugun shinkafa a kansa. Maza huɗu suka kama kusurwoyin tamfol ɗin suka shiga da ita ɗakinta, suka ajiye, suka fito suna kakkaɓe hannu duk da babu wanda ya taɓa ta a cikinsu. Kafin rana ta take, tsakar gidan mahaifinta, Malam Haruna, ta cika da mata. Wasu da ƙaiƙayi a gira suka zo, don daga wurin sheƙa labarin ya taso su.

Sadiya, yayar mamaciyar uwa ɗaya uba ɗaya, tana zaune a gindin rumbu ta miƙe ƙafa. Taɓo ya bushe a ƙwaurinta har ya fara tsattsagewa, shi take kallo. Duk wadda ta shigo sai ta durƙusa a gabanta ta ce, "Ya haƙuri?" ita kuma ta ce, "Da godiya." Ta faɗi haka ya fi sau talatin. Tana ta sauraren kuka ya taso mata, bai taso ba.

Tsohuwa Yakaka ce mai wanke gawar matan garin Kafin Zarami, tun da mijinta ya kawo ta daga bakin tafkin Cadi shekara arba'in da suka wuce. Ta zo da ganyen magarya da kafur a ƙulle a gefen zani. Ta leƙa ɗakin, ta fito ta tsaya a bakin ƙofa.

"To, wace ce za ta shigo?"

Matan suka kawar da kai.

"Da ku nake. Kafaɗar nan tawa ta daina aiki tun bara, kun sani. Ba zan iya juya ta ni kaɗai ba. Liman ya aiko, an gama haƙa, ana idar da azahar za su sallace ta."

Wata ta tuna ta bar tukunya a wuta. Wata ta ciro nono ta cusa wa jaririn da bai nema ba. Uku suka ce ba su da tsarki, wasu huɗu suka bi bayansu. In ta bakin matan Kafin Zarami za ka bi, a ranar rabin garin fashin salla suke.

Gwaggo Mairam, ƙanwar Malam Haruna, ita ce ta faɗi abin da kowa yake taunawa.

"Iya, kin dai san ciwon da ya kashe ta. Kumfar tana nan a bakinta, da idona na gani."

"Ruwa ne ya kashe ta," in ji Yakaka. "Ruwan da bai kai gwiwa ba." Ta dubi gindin rumbu. "'Yar nan, ina ciki ina jira."

Ta shige ta saki labule.

Sadiya ta san abin da tashinta zai jawo. Ita ce mai shinkafa da wake da miyar kifi a bakin fadama. Duk safiya Tukur, mijinta, yana kai mata tukwane a babur, leburori su yi layi, lokacin girbi ma har daga gonakin Auyo ake tsallakowa a ci nata. Da wannan hannun take ci da 'ya'ya huɗu. Hannun da ya goge kumfar mai farfaɗiya kuwa, a Kafin Zarami, ba mai sake karɓar kwano daga gare shi. Shekara goma sha ɗaya ke nan rabon da fatarta ta taɓa fatar ƙanwarta.

Da can ba haka suke ba. Uwarsu ta rasu Mardiyya tana da shekara huɗu, Sadiya tana da goma sha biyu, saboda haka a bayan Sadiya yarinyar ta ƙarasa girma. Ita take zaunar da ita a baho ta cuɗe ta, ita take matse kanta a tsakanin cinyoyi ta yi mata kitso tana ihu. Yarinya ce mai baki kamar rediyo. Tana tambayar me ya sa kifi ba ya rufe ido, me ya sa tsuntsayen jan baki ba sa cin ciyawar kacala sai shinkafar mutane. Ta iya kwaikwayon tarin liman, ta iya kwaikwayon injin ban ruwa in ya ƙi tashi, har da zagin da mai injin yake yi masa. Malam Haruna mutum ne mara fara'a, amma ita takan sa shi ya juya baya yana girgiza kafaɗa.

Tana da shekara goma sha uku, tana aji ɗaya a ƙaramar sakandare, ta faɗi a tsakanin bencina ana tsakiyar darasi. Yara suka fita ta taga. Aka aika a kira ubanta, yana kogi, sai aka samu Sadiya, lokacin tana amarya, ta fara sana'ar abinci da 'yan watanni. Ta shiga ajin da gudu ta tarar da ƙanwarta ita kaɗai a ƙasa, siket ya jiƙe, kumfa a gefen baki, idanu sun kafe. Ta sunkuya. Sai wani dattijo mai gadin makarantar ya daka mata tsawa daga bakin ƙofa.

"Ke! Kada ki taɓa yawun nan!"

Ta miƙe. Ta tsaya a kanta, hannu a ƙirji, har Malam Haruna ya iso a keke, wandonsa yana ɗigar ruwa, ya ɗauki 'yarsa a kafaɗa ya fita. Tun daga ranar aka raba aiki ba tare da an zauna ba: uba yana ɗauka, kowa yana kallo.

Gwaggo Mairam ta ware mata kwano da moɗa, ta ɗaura jan zare a hannun moɗar kada a yi kuskure. Aka sha rubutu, aka yi hayaƙi, aka kawo masu ruƙiyya daga Miga suka ce aljanin ruwa ne, don tana wanka a kogi da almuru. Makaranta ta aiko cewa ta zauna a gida tukuna har ta samu sauƙi. Wannan tukuna ɗin ita ce har yau.

Ita Mardiyya suna ta sa wa ciwon, tana kiransa Baƙo. Kafin ya zo takan ji warin ƙonannen gashi, sai ta ce, "Baba, Baƙo ya yi sallama," ta matsa daga murhu ta kwanta da kanta. Wani lokacin ba ya sallama. In ya tafi sai ta yi barci kamar an dake ta, ta tashi ba ta san ranar da ake ciki ba, harshe a cije, ta kwana biyu tana magana da tsamin baki tana yi wa kanta dariya.

Da aka hana ta wuta aka hana ta kogi, sai uban ya koya mata ɗinkin komar kamun kifi. Cikin shekara biyu ta fi shi. Tana zama a inuwar zaure, ta saƙale koma a babban yatsan ƙafa, allurar katako tana shiga tana fita har ido ba ya bin ta. Masunta daga Auyo da Miga suna kawo nasu. Sukan ajiye daga nesa, in sun zo karɓa su ɗauka da sanda, su kai kogi su ɗauraye sau uku kafin su jefa.

"Ku ɗauraye da kyau!" take ɗaga musu murya. "Kada kifi ya kamu, a ce ni ce!"

Wasu su yi dariya, wasu su ƙara sauri.

Mutanen gari suna cewa Mustapha ne ya jawo ciwo na biyu. Wani mai gyaran waya ne a kasuwar Haɗeja, ya zo zance Juma'a uku, ya ce ya san komai kuma bai dame shi ba. Juma'a ta huɗu uwarsa ce ta zo, ba ta shiga gidan ba, maƙwabta ta zagaya ta koma. Amma Sadiya ta san abin ya riga Mustapha. Tun tana da shekara goma sha shida Mardiyya takan wayi gari ta ce, "Na faɗa rami," shi ke nan. Ta juya wa bango fuska sati biyu, sati uku. Ba wanka, ba magana, tuwo ya bushe a kwano kiyashi su yi hanya. Uban ya zauna a bakin ƙofa yana ɗinke komar da ta bari. Sannan wata rana ta fito daga ramin da ƙarfi fiye da kima: ta ɗinke koma uku a yini ɗaya ta warware su, ta yi ta zuba magana ba waƙafi, ta rabar da zannuwanta ga matan da ba za su ɗaura ba. Akwai ranar da ta taka da ƙafa har Haɗeja, aka same ta a kasuwar kifi tana yi wa wani mai sayar da koma bayanin cewa ƙullinsa na malalata ne. Kuma gaskiyarta ne, an duba. Daga nan sunanta ya ƙaru. Da mai farfaɗiya ce, yanzu ta zama mai taɓin hankali, kuma ana faɗa a inda za ta ji.

Shekara takwas da suka wuce, Malam Haruna ya kwanta da zazzaɓi ranar da za a kai ta asibiti a Haɗeja, dole Sadiya ta raka ta. A mota ta sa kwandonta a tsakaninsu. Suna layin ganin likita Baƙo ya zo ba sallama. Mutane suka watse, Sadiya ta ja baya tare da su. Wata ma'aikaciyar jinya, gajeriya, an rubuta Adila a ƙirjin rigarta, ta zo ta durƙusa, ta juya Mardiyya gefe, ta ɗora kanta a cinyarta, ta goge mata baki da tafin hannu kamar mai goge wa yaro koko. Da abin ya lafa aka kwantar da ita bayan labule, matar ta ja Sadiya gefe.

"Ke ce yayarta?"

"Ni ce."

"Shi ne kika gudu?"

Sadiya ta sunkuyar da kai.

"Saurara da kyau. Ba a ɗaukarsa. Ba ta yawu, ba ta kumfa, ba ta kwano. A ƙwaƙwalwa yake, a nan kuma yake tsayawa. Shekarata goma sha biyar ina goge bakin irinsu, ga ni. In ta faɗi ki juya ta gefe, ki tare kanta, ki janye ta daga wuta ko ruwa. Ruwa ya fi komai haɗari. Kin ji ni?"

"Na ji."

"Ki gaya wa mutanen gida."

"Zan gaya musu."

Kuma ta yarda. Nan ne wurin da Sadiya ba ta son tunaninta ya tsaya. Da a ce ba ta yarda ba, da tana cikin sahun sauran mata, masu tsoro na gaskiya. Ta yarda tun kafin matar ta rufe baki. Amma a hanyar komawa, mota tana tsalle a ramuka, kwando yana tsakaninsu, ta auna abin. In ta faɗa, za a ce to taɓa mu gani. In ta taɓa, kafin la'asar Gwaggo Mairam ta kai wa mata uku, kafin magariba ya isa fadama, washegari layin leburori ya koma gindin wata bishiyar. Ta ce wa kanta bari girbi ya wuce. Girbi ya wuce, aka shiga noman rani. Ta ce bari ta haihu. Ta haihu, ta sake haihuwa.

Wata rana ta kawo wa Mardiyya abinci, ta tarar da ita da koma a ƙafa. Ba tare da ta ɗago ba Mardiyya ta ce, "Yaya, ranar nan a asibiti ba barci nake ba. Na ji abin da gajeriyar matar ta gaya miki."

Kwanon ya yi wa Sadiya nauyi.

"Me ta ce?"

Mardiyya ta ja zare da haƙori ta tsinke shi. Ta daɗe tana duban ƙullin.

"Ba komai. Ajiye min a nan." Ta nuna ƙasa da haɓa, inda aka saba ajiyewa. "Ki yi sauri, masu cinikinki suna jira."

Ba ta sake tayar da maganar ba har ta mutu. Tun daga ranar kullum kan kifi mafi girma a tukunya nata ne, mutane suna yaba wa Sadiya da zumunci.

Ƙwayoyin asibitin suna rage faɗuwar, amma suna sa ta zama kamar an jiƙa auduga an cusa mata a kai. Wani lokacin takan ajiye su ta ce, "Ina so in ji kaina ko na kwana biyu ne." Bana dai ta riƙe su. Wata huɗu ba ta faɗi ba, ramin ma bai ja ta ba tun damina. Ta yi ƙiba kaɗan. Shi ya sa da aka fara girbi ta ce ita ma za ta je kala tare da mata, ta tsinci zangarniyar da masu yanka suka zubar.

Uban ya ce a'a.

"Baba, shekarata ashirin da huɗu a garin shinkafa, ban taɓa cin ƙwaya ɗaya da na tsinto da hannuna ba. Ko jan baki ya fi ni."

Ya juya baya, kafaɗarsa ta girgiza. Ya ce to, amma ta tsaya inda yake ganin ta.

Yau da safe suka fita tare. Da hantsi aka kira shi can ƙarshen gona, amalanke ya kafe a laka. Akwai wani ɗan kwari a gefen gonar inda ruwan ambaliya bai gama janyewa ba, zangarniya ta zube a bakinsa da yawa don ba mai son shiga taɓo. Can Mardiyya ta nufa. Sadiya tana gindin gawo, taku ashirin daga wurin, ludayi a hannu, mutum goma sha biyu a layi.

"Yaya!"

Sau ɗaya ta kira. Sadiya ta waiga ta gan ta tana ƙoƙarin fitowa daga taɓon, sannan ta kife da fuska.

Matan kala suka watse. "Kada ku taɓa! A kira ubanta!" Sadiya ta yar da ludayi ta ruga. Ta shiga taɓon har ƙwauri. Saura taku uku ta tsaya. Bayanta ya yi tsit, ta ji tsit ɗin a ƙeyarta, mutum goma sha biyu da kwanukansu da duk masu yanka da masu bugu sun tsaya suna kallo. Ta ce a ranta yanzu zai wuce, ba ya daɗewa, yanzu za ta juya da kanta. Ta buɗe baki ta ƙwalla, "Baba! Baba!" Ta fi kowa ƙara. Wata mata ta miƙa sanda ba ta kai ba. Ruwan yana ta motsi yana tartsatsi a zanin Sadiya. Kafin Malam Haruna ya ƙetaro kunyoyin gonar, yana faɗuwa yana tashi, ruwan ya kwanta.

"Halimatu."

Ubanta ne, shi kaɗai yake kiran Sadiya da wannan sunan. Ta ɗago daga inda take zaune a gindin rumbu. Yana tsaye a ƙofar zaure ta ciki, inda maza ba sa wucewa ranar makoki, gaban rigarsa duk taɓo. Ba ita yake kallo ba, labulen ɗakin yake kallo.

"Da an yarda namiji ya yi, da ban roƙi kowa ba."

Ya juya ya koma.

Sadiya ba ta yanke shawarar komai ba. Ƙafafunta ne suka naɗe suka miƙe da ita. Tana taku na biyu Gwaggo Mairam ta riƙo gefen mayafinta, ta ciro baƙar leda guda biyu daga ƙugu, ta zura mata a hannuwa, ta yage bakin tsumma ta ɗaure su a wuyan hannu tam. Ta ɗaga hannuwan sama kaɗan yadda kowa zai gani. Sannan ta kawo baki kusa da kunnenta.

"A ga kin shiga da ita, a ga kin fito da ita. Ba ruwan kowa da abin da ke tsakani. Kina da 'ya'ya."

Ɗakin yana warin laka da man shafawa. Wata koma tana rataye a ƙusa, an ɗinke rabi, allurar tana soke a inda aka tsaya. Yakaka ta riga ta cire wa Mardiyya kaya daga ƙarƙashin zanin da ta lulluɓa mata, ta dama magarya a bokiti har ta yi kumfa.

"Kama kafaɗa da ƙugu. Juyo ta wajenki."

Sadiya ta kama. Leda a kan jiƙaƙƙiyar fata ba ta riƙo. Gawar ta taso rabi ta suɓuce, kai ya bugi ƙasa da wata 'yar ƙara.

"A hankali, ba buhu ba ce."

Ta sake kamawa, ta sake suɓucewa. Sadiya ta tsaya tana kallon hannuwanta. Sai ta kai wuyan hannu baki ta kwance ƙullin da haƙori, ɗaya, sannan ɗayan, ta zare ledojin ta yar a bayan ƙofa. Yakaka ba ta ko ɗago ba.

Sanyi ne da gawar, da nauyi. Sadiya tana tuna jikin da take ɗagawa da hannu ɗaya daga baho, wannan kuwa jikin mace ne da ba ta sani ba. Akwai tabon ƙuna a damtsen hagu, faɗin tafin hannu. Akwai tsohon ɗinki a haɓa. Yatsun dama sun yi kanta kamar na maza. Tana juyawa, tana riƙewa, Yakaka tana zubawa tana cuɗawa da hannunta mai lafiya, bakinta yana motsi. Da aka zo alwala tsohuwar ta miƙo mata jiƙaƙƙen ƙyalle.

"Yatsuna sun yi kauri. Ke share mata."

Sadiya ta naɗa ƙyallen a yatsa ta buɗe leɓen. Laka ce da kumfa da ɗan jini. Ta share, ta ɗauraye, ta sake sharewa har haƙoran suka fito. Ruwan ya ratsa ƙyallen ya gangaro mata har gwiwar hannu. Ba ta ji ƙyama ba, ba ta ji tausayi ba. Aiki take, kamar mai gyaran kifi.

Sai da aka zo kai. Ta zare ɗankwalin don ta tsefe kitson. Ta gaba layukan a miƙe suke, tsaf. Ta baya kuwa tsagar ta karkace, wani layin ya hau wani, wani ya yi kauri wani ya sirance, akwai inda aka bar gashi a tsakiya ba a kama ba. Sadiya ta daɗe tana dubawa kafin ta gane. Ba mai kitson da za ta sa wannan kan a cinyarta. Da kanta take yi, da lalube, shekara goma sha ɗaya. Sadiya tana ganin ta kusan kullum, ba ta taɓa tambayar kanta wa yake yi mata ba.

Ta fara tsifa. Ƙwayoyin shinkafa biyu suka faɗo daga ciki.

"Iya."

"Na'am."

"Na san ba a ɗauka. An gaya min a asibiti. Shekara takwas da na sani."

Yakaka ta ɗebo ruwa ta zuba a gashin, a hankali, tana tare goshin da gefen hannu kamar ruwan zai shiga ido.

"Wannan ce ta huɗu da na wanke mai irin ciwon a garin nan. Kin taɓa jin an ce na faɗi?"

"To me ya hana ki faɗa musu?"

"Wa ya tambaye ni?" Ta ajiye moɗar. "Kuma ina son a ci gaba da gaishe ni a hanya. Kowa da abin da yake karewa, 'yar nan. Raba gashin uku."

"Taku uku ne tsakaninmu, Iya."

"Na ji an faɗa. Raba gashin."

Ta raba. Ta ɗora kan a cinyarta don ta ji daɗin kamawa, ta yi kalaba uku, ɗaya a tsakiya, biyu a gefe. Hannunta bai manta yadda gashin yake murɗewa a ƙeya ba. Ta ja da ƙarfi a wani wurin, ta tsinci kanta tana sassautawa.

Suka yi wankan ƙarshe da kafur, suka tsane ta, suka naɗe ta a likkafani. Yakaka ta ɗaure kai da tsakiya, Sadiya ta ɗaure ƙafa. Daga masallaci aka kira azahar.

Tsohuwar ta dafa bango ta miƙe, ta nuna bayan ƙofa da baki.

"Ga kayanki can, in za ki mayar. Ni ban ga komai ba. Na iya rashin gani."

Sadiya ta ɗauko su. Ba su yage ba, tsumman ma yana nan. Minti ɗaya ya isa. Ta tsaya da su a hannu tana neman abin da za ta ji, ko nadama, ko tsoro, ko fuskar 'ya'yanta, ba ta samu komai ba sai gajiya a ƙugu. Daga baya wasu za su ce tuba ta yi, wasu su ce ruɗewa ce. Ita kanta ba ta sani ba. Ta dai duba ledojin ta ga ba za ta iya sake cusa hannunta a ciki ba. Ta jefa su a bokitin ruwan wankan, ta ɗauki bokitin, ta ɗaga labule da kafaɗa.

Rana ta kashe mata ido. Maganganu suka yanke. Ba fuskarta suke kallo ba, hannuwanta suke kallo, a jiƙe har gwiwa, da ledojin da ke yawo a saman ruwan. Ta ratsa tsakar gidan, mata suna janye ƙafafu da bakin zani tun kafin ta iso. Ta kai bayan ɗaki ta zuba ruwan a ramin da aka haƙa, ta tura ƙasa da ƙafa. Ta dawo ta tsaya a ƙofar zaure.

"Baba, an gama. A shigo da makara."

Ta koma gindin rumbu ta zauna. Matan da ke kan tabarma a wurin suka tuna da inuwar da ta fi a can gefe. Gwaggo Mairam ce kaɗai ta matso, ita ma ta tsaya daga nesa kaɗan.

"Me kika yi ke nan? Na ba ki hanya, Sadiya. Na ba ki hanya a hannu."

"Na gode, Gwaggo."

"Gobe wa zai ci?"

Maza suka shigo da makara, suka fito da ita, Malam Haruna a gaba ta dama. Aka fasa kuka daga kowane ɓangare, har da waɗanda ba su da tsarki. Sadiya ta bi makarar da ido har ta shige zaure. Sannan ta juya tafin hannunta, yatsun sun yi yaushi saboda daɗewa a ruwa.

"A gaya wa Tukur ya je fadama ya kwaso tukwanena," ta ce. "Abin da ya rage a ciki a zuba wa kaji. Ya kife su a madafa, ba sai ya ɗaura su a babur da safe ba."